LANSIR DA JAN ALGARIF: DARASIN LAMBU DOMIN WATANNIN ƊARI

Darasinmu na wannan karo a kan lansir ne. Muna roƙon kowace ƙungiya ta karanta shi a taronta kafin tsakiyar Nuwamba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran a hankali, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe. A tabbata mata suna wurin, gama rabin aikin nan a hannunsu yake.

1. DALILIN WANNAN DARASI

Kowa ya san ƙasar Yauri da albasa da shinkafa da kifi. Tun kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Gungawa suna noman albasa da ban ruwa a tsibirai da gaɓar Kwara. Da tafki ya cinye tsofaffin garuruwa, aka ta da mutum wajen 44,000 aka sake musu mazauni, ba su bar sana'ar ba, har maƙwabta suka koya.

Amma albasa tana da jinkiri. Daga zuba iri zuwa cirewa wata huɗu ne ko biyar, duk wannan lokaci kuwa manomi fitar da kuɗi yake yi: na taki, na ƙwadago, na man inji. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ban ruwa ya ninka. Da yawa daga cikinmu mukan ci bashi a Disamba, mu sayar da albasa da arha ran cirewa domin mu biya, daidai lokacin da kasuwa ta cika maƙil.

Abin da muke bukata shi ne ɗan amfanin da zai riƙa kawo kuɗin cefane da na mai tun albasa tana ƙasa. Lansir yana iya yin wannan. Cikin mako uku ana yankansa. Ba ya cin wuri, ba ya cin taki da yawa, mace ko yaro yana iya kula da shi a bayan gida. Ganyensa abinci ne, 'ya'yansa kuma iri ne da magani. Ba zai mai da kowa attajiri ba, gama kasuwarsa ƙarama ce. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

2. MENE NE LANSIR?

Lansir ɗan tsiro ne mai laushi, ganyensa a tsattsage, yana da ɗan yaji a baki. Waɗansu suna ce masa lafsur ko labsur. Masana tsirrai suna kiransa Lepidium sativum, kuma dangin kabeji ne. In an bar shi yakan kai kamu ɗaya ko fiye, ya yi ƙananan furanni farare, sa'an nan ya yi 'yan kwanso, kowane kwanso da ƙwaya biyu.

Ƙwayar ja ce, ita ake sayarwa a wurin masu kayan yaji da sunan jan algarif. Kada mu haɗa shi da baƙin algarif, watau habbatus sauda, wanda tsiro ne dabam. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a jefa 'yan ƙwayoyi cikin ruwa. Jan algarif yakan kumbura ya yi yauƙi cikin 'yan mintoci.

Lansir ya daɗe a ƙasar Hausa. Likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya tarar da shi tare da sunansa. Larabawa suna ce wa ƙwayar habbur rashad, mutanen Habasha suna ce mata feto, a Indiya kuma ana nomanta gona-gona.

3. LOKACI DA WURI

Lansir ɗan sanyi ne. In zafi ya buge shi sai ya yi sauri ya fid da kai, ganyen ya ƙanƙance ya yi ɗaci. Saboda haka lokacinsa a wurinmu daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa ƙarshen Janairu. Wanda ya shuka a Maris, zafin bazara zai cinye wahalarsa.

Mu da ke bakin tafki akwai abin da ya kamata mu tuna. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Na fari shi ne farin ruwa, na daminar ƙasashen kusa, wanda yake cika tafki daga wajen Agusta zuwa Nuwamba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ba ya iso mu sai cikin ɗari. Shi ne yake riƙe tafki a cike har wajen Fabrairu ko Maris. Bayan nan ne ruwa yake janyewa, ya bar ƙasa mai danshi, amma sa'an nan lokacin lansir ya riga ya wuce.

Wannan ya koya mana abu biyu. Na ɗaya, kada a yi komi a ƙasan inda ruwa ya saba kaiwa, ko da an ga wurin a bushe a Nuwamba. Mutanen gaɓar kogi a wajen Shanga su lura da wannan ƙwarai. A tambayi dattawa da masunta iyakar ruwa, a hau sama da ita. Na biyu, a watannin lansir ruwa yana kusa da mu fiye da kowane lokaci, don haka ɗaukarsa ba wuya.

A zaɓi ƙasa mai jigawa-jigawa wadda ba ta riƙe ruwa. A guji wurin da ke gangaren masai, ko mashayar dabbobi, ko inda ake wanki. Inuwar yamma kaɗan tana da amfani, amma ba ƙarƙashin itace ba. A yi shinge na kara ko ƙaya, gama akuya da kaji ba su da kunya.

4. GYARAN KOMI DA SHUKA

(a) A yi komi mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, watau taki ɗaya babba da taki uku. Da wannan faɗi hannu yana kai tsakiya ba sai an taka ba.

(b) A kafce ƙasa zurfin ɗani ɗaya, a farfasa hoge, a tsince duwatsu da saiwoyi.

(c) A zuba bokiti biyu na takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya zafi. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙone tsiro, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa ganyen da za a ci ɗanye. Takin da bai yi wata uku a jibge ba, kada ya shiga komin lansir.

(d) A baje komi da manjagara, a jiƙa shi da yamma, a shuka kashegari.

(e) A ja layuka a gicciye da ɗan tsinke, tsakaninsu santimita 15, watau bai kai ɗani ba. Zurfin layi kada ya wuce rabin gaɓar yatsa.

(f) Cokalin shayi biyu na iri ya ishi komi ɗaya. A gauraya shi da busasshen rairayi cikin tafi biyu, domin ya watsu daidai. Kada a jiƙa irin kafin shuka. In an jiƙa sai ya manne wuri ɗaya kamar ƙullu, ba ya yayyafuwa.

(g) A rufe da ƙasa mai laushi, a danna da tafin hannu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama, a ba da ruwa a hankali. Cikin kwana uku zuwa biyar zai tsiro. Da an ga tsiro sai a janye ciyawar.

Lansir ba ya son dashe. Inda aka shuka shi nan zai zauna.

Babban kuskuren da ake yi shi ne shuka duka rana ɗaya. Sai ya nuna rana ɗaya, kasuwa ta kasa ɗauka, saura ya tsufa a komi. Maimakon haka a riƙa shuka komi biyu kowane kwana goma. Daga 15 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu shuka takwas ke nan, komaye 16, cokali 32 na iri, wanda ya yi kusan cikin gwangwanin madara ɗaya. Ba sai an yi komaye 16 dabam-dabam ba. In an gama da na fari sai a gyara shi, a ƙara ɗan taki, a sake shukawa.

5. BAN RUWA DA KULAWA

Saiwar lansir ba ta nisa, iskar hunturu kuwa tana busar da fuskar ƙasa da sauri. A makon fari a ba shi ruwa safe da yamma da garwar ban ruwa mai rariya, ko gwangwanin da aka huhhuda. Bayan nan sau ɗaya a rana ya isa. Kada a sake masa bakin tiyo kai tsaye, zai kwashe irin. Kada kuma ruwa ya kwana a komi. In aka ga 'yan tsiro suna faɗuwa, gindinsu ya yi baƙi ya tsuke, ruwa ne ya yi yawa ko shuka ta yi cunkoso. A rage ruwa, a tsinke waɗansu.

In ganye ya fito sosai, a riƙa zuba ruwa a tsakanin layuka, a ƙasa, ba a kan ganye ba. In da hali, kwana uku na ƙarshe kafin yanka a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse.

Mai ɗibar ruwa a tafki ya kiyayi tsayawa a ciki, musamman wurin da ciyawa ta yi yawa ruwa ba ya gudu. A irin wannan wuri ne ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suke zama, cutar kuwa ta fata take shiga. A sa takalmin roba mai tsawo, ko a ɗiba daga gaɓa da guga. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Ƙwarin da suka fi damun lansir su ne 'yan ƙananan ƙwaro masu tsalle da ke huda ganye, da darɓa, da ƙananan tsutsotsi kore. Ga dokarmu: ba a fesa maganin ƙwari na kanti a kan lansirin da za a ci. Kwanakinsa kaɗan ne, ana kuma cinsa ɗanye, dafin ba shi da lokacin gushewa. A barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka da sassafe tun da raɓa, a tsince tsutsa da hannu, a tumɓuke wanda darɓa ta rufe a binne. In ɓarna ta yi yawa, a kafce komin a sake shuka. Asarar cokali biyu na iri ta fi asarar lafiyar mai saye.

6. YANKA DA KAI KASUWA

In lansir ya kai tsawon yatsa zuwa ɗani, wajen kwana 18 zuwa 25, ya isa yanka. A yanka da wuƙa mai tsabta, a bar gindi kamar yatsa biyu daga ƙasa. Zai sake tohowa a yi yanka na biyu, wani lokaci har na uku in da sanyi. Yanka ya fi tumɓukewa, gama ba ya kawo ƙasa cikin ganye. Da zarar ya fara fid da kai, daɗinsa ya ragu.

A yanka da sassafe kafin rana ta yi. A ɗaure ƙananan dami, a jera a kwando, a rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa. Kada a cusa a buhun leda a ɗaure baki, zai yi gumi ya ruɓe kafin azahar. Ganyen nan ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

Wanda yake so ya ƙara masa kwana ya yi randa cikin randa. Wani malami na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa rairayin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Busasshiyar iskar hunturu ita ce ta fi sa ta yi sanyi.

Shanya ganyen lansir ba riba. In ya bushe, yajin da ƙamshin sun tafi, yawancin amfaninsa ma ya tafi. Ajiyar lansir ta gaskiya a ƙwaya take.

Game da kasuwa, a nemi mai saye tun kafin a shuka. A yi magana da masu sayar da abinci da masu kayan miya a Yelwa, da Wara, da Birnin Yauri, da Koko, a ji nawa za su iya ɗauka a mako. Lokacin Kirsimeti da Sabuwar Shekara ana neman ganye. Haka nan masu azumi suna son kwaɗon lansir wajen buɗa baki. Azumin 2025 ya kama a watan Maris, tun da yake kuwa yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, daga 2027 zuwa 2030 zai riƙa farawa cikin Fabrairu ko Janairu, daidai lokacin lansir. A lissafa mako uku baya daga ranar da ake bukata, ranar shuka ke nan.

7. KOMIN IRI DA AJIYA

Kowace ƙungiya ta ware komaye biyu ko uku domin iri kawai. A shuka su a shukar fari ta Nuwamba, domin su nuna kafin zafin Maris. A nan tazarar layi santimita 30 ce, a kuma tsinke tsiro a bar faɗin tafi tsakanin ɗaya da ɗaya. Ba a yankan ganyen komin iri. Wanda aka ga ya yi saurin fid da kai tun yana ƙarami a tumɓuke shi, domin kada 'ya'yansa su gaji halinsa. A bar masu ganye da yawa, masu jinkirin fure.

In darɓa ta kama komin iri, a daka ƙwayar dogon yaro cikin tafi ɗaya, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace, a yayyafa da yamma.

Bayan kamar wata uku kwanson zai koma ruwan ƙasa. Kada a jira duka su bushe ƙayau, za su fashe irin ya zube. In kashi biyu cikin uku sun juya, a yanke da safe, a ɗaure, a shanya a kan tabarma ko zane a inuwa mai iska har mako ɗaya. Sa'an nan a bubbuga da sanda a hankali, a sheƙe da faifai, a sake shanya ƙwayar kwana biyu ko uku. Ruwa kada ya taɓa ta ko kaɗan.

A zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, a cika ta, a rufe gam. A rubuta wata da shekara a jiki. A ajiye a wuri mai duhu da sanyi, nesa da murhu, ba a ƙarƙashin kwanon rufi ba. Iri mai bushewa sosai yakan yi shekara uku yana tsira. Babban abokin gabansa laimar damina ce, mu kuwa a bakin ruwa muke.

Kada a sa ƙwayar maganin rumbu ko fiya-fiya cikin algarif, gama mutane za su sha shi. Mu tuna, saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Kwalba mai rufi ta isa.

Kafin shuka a gwada irin, ko namu ne ko na kasuwa. A ƙirga ƙwaya 20, a jera a kan jiƙaƙƙen tsumma cikin faranti, a rufe. In 16 ko fiye sun tsira cikin kwana biyar, iri ne mai kyau. In ba su kai 10 ba, a nemi wani.

8. LANSIR A CIKIN ABINCI

Iyayenmu mata sun san kwaɗon lansir: a yanka ganye ƙanana, a sa dakakken ƙuli-ƙuli, da albasa, da tumatir, da ɗan attaruhu, da gishiri, da ɗan man gyaɗa. Ana cinsa haka nan, ko da shinkafa da wake, ko da dambu, ko a gefen gasasshen kifi. In za a sa a miya, a zuba bayan an sauke tukunya.

Awon masana abinci ya nuna giram 100 na ɗanyen lansir yana da wajen miligiram 69 na bitamin C, fiye da abin da ke cikin lemon zaƙi mai nauyi ɗaya. Yana kuma da bitamin A mai taimakon ido, da bitamin K mai yawa. Bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da hatsi, shi ya sa haɗa lansir da wake dabara ce mai kyau ga mata da yara. Man gyaɗan da ake sawa kuma yana taimakon jiki ya ɗauki bitamin A. Saboda haka kada a kai duka kasuwa. Dami na fari na gida ne.

Amma abin da ake ci ɗanye yana bukatar tsabta. A 2021 kwalara ta bi jihohi da yawa na ƙasar nan, har da Kebbi. Fiye da mutum 100,000 aka lissafa cikin waɗanda ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka mutu. Kwalara da taifot da tsutsar ciki duk ta ruwa da hannu da ɗanyen abinci suke bi. Don haka:

(a) A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ganye.
(b) A tsince ganyen, a wanke sau uku, kowane sau da sabon ruwa.
(c) Ruwan ya zama wanda za a iya sha: na burtsatse, ko wanda aka tafasa ya huce. Ba ruwan tafki ba.
(d) Gishiri yana taimakon fid da ƙasa da tsutsa, amma ba ya kashe dukan ƙwayoyin cuta.
(e) In amai da gudawa sun shigo gari, a daina cin ɗanyen ganye sai an dafa, mu kuma mu dakatar da sayarwa.

Rigakafi ya fi magani. Ƙungiyar da aka san ganyenta da tsabta ba za ta rasa masu saye ba.

9. JAN ALGARIF A MATSAYIN MAGANI

A ƙasashe da yawa ana jiƙa algarif a sha domin taurin ciki da tari. A Indiya ana ba masu jego domin nono ya ƙaru. A ƙasar Larabawa ana ba mai karaya. Ƙwayar tana da abin gina jiki da mai, kowanne wajen kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Yauƙinta kuwa shi yake tausasa bayan gida, ya kuma ɗan sanyaya maƙogwaro. Amma yawancin gwajin da masana suka yi a kanta a kan dabbobi ne. Saboda haka mu ɗauke ta kamar taimako, kada ta tsaya a madadin maganin asibiti.

Ga babba mai lafiya, rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya a rana ya isa. A jiƙa cikin kofin ruwa mai tsabta har ta gama kumbura, sa'an nan a sha, ko a zuba a kunu. Kada a haɗiye ta a bushe.

Waɗannan kuwa su kiyaye:

Mace mai ciki kada ta sha algarif. An san yawansa yana motsa mahaifa.

Jariri kada a ba shi.

Mai maƙoƙo ya bar shi, gama dangin kabeji in an yawaita suna hana maƙogwaro amfani da aidin. Sauran mu kuma mu riƙa cin gishiri mai aidin.

Mai shan maganin ciwon sukari, ko na hawan jini, ko na tsinka jini, ya tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada majina, domin yana iya zama tarin fuka. Karaya kuma a kai asibiti a ga yadda ƙashi ya zauna.

10. DIL: BAƘON DA ZA A IYA GWADAWA

Akwai wani ganye mai son sanyi irin na lansir, wanda ake kira dil. Larabawa suna ce masa shibit, ana nomansa da yawa a Masar da Indiya. Dangin karas ne, ganyensa siriri kamar zare, da ƙamshi. A ƙasashen da suka saba da shi ana dafa kifi da shi, mu kuwa kifi ba mu rasa ba. Ƙungiyar da ta sami irinsa ta gwada komi ɗaya tak, ta ga ko masu otal da masu gasa kifi za su saya, kafin ta ƙara.

Shukarsa kamar ta lansir ce, sai dai tazarar layi santimita 30, ba a kuma dasa shi. Yakan yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya tsiro, ganye kuma sai bayan mako shida zuwa takwas. Furensa rawaya ne, a buɗe kamar laima, yana jawo ƙananan ƙwarin da ke cin darɓa, don haka yana da amfani a gefen lambu. In kan ya koma ruwan ƙasa a yanke, a rataye a inuwa da zane a ƙasa. Ganyensa ana iya shanyawa a inuwa a rufe a kwalba, ko da yake ƙamshin yakan ragu. 'Ya'yansa ana jiƙa cokalin shayi ɗaya a ruwan zafi, babba ya sha domin kumburin ciki.

Man 'ya'yan dil yana cikin ruwan maganin nan na jarirai da William Woodward ya haɗa a Ingila a 1851, wanda ake sayar da ire-irensa a kemis. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri nono zalla za a ba shi har wata shida. Kada a ba shi jiƙon dil, ko na algarif, ko ruwa.

11. AIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kowa ya shuka ran da ya ga dama, mu da kanmu za mu karya wa juna kasuwa. Ga abin da muke ba da shawara a yi a taron nan:

(a) A rubuta sunayen masu son shiga, a raba musu ranakun shuka.
(b) A zaɓi mutum ɗaya mai kula da komin iri da kwalaben ajiya.
(c) A zaɓi mutum biyu su zaga kasuwa su kawo labari kafin shukar fari.
(d) Wanda ya karɓi gwangwanin iri ɗaya ya mayar da ɗaya da rabi, ko kuɗinsa, a watan Maris.
(e) Magatakarda ya riƙa rubuta ranar shuka, ranar yanka, yawan dami, da kuɗin da aka samu. Da wannan littafi ne za mu san ko aikin ya biya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ina iyakar baƙin ruwa a gaɓarmu? Wa ya san ta sosai?
2. Don me ba a jiƙa irin lansir kafin shuka?
3. Wane ruwa muke wanke ganye da shi yanzu? Za mu iya shansa?
4. Su wa bai kamata su sha jan algarif ba?
5. Dami nawa kasuwarmu za ta iya ɗauka a mako, komaye nawa ke nan?
6. A bara, nawa ne cikinmu suka sayar da albasa ran cirewa saboda bashi? Kuɗin lansir zai iya rage wannan?

Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da abin da littafinta ya nuna a ƙarshen Maris, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Da safe ake kama fara: a fara tara taki da neman iri tun yanzu. Allah ya ba da sa'a.